Rediyon motata ya daina kamawa bayan an ara mini wuta daga wani batir

Sabon Direba:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wayarin mota. Kwanakin baya na manta fitilun gaba a kunne har batir ya mutu, sai wani bawan Allah ya jona mini waya daga batirin motarsa. Motar ta tashi, amma tun daga wannan rana rediyon bai sake nuna alamar rai ba. Fuskarsa ba ta haske, agogon da ke jikinsa ya ɗauke, ko maɓallin fitar da faifai na danna ba na jin motsin komai. Rediyon ba wanda motar ta fito da shi daga kamfani ba ne, wanda ya riga ni mallakarta ne ya sa aka ɗaura shi, kuma na daɗe ina amfani da shi ba tare da ya taɓa ba ni matsala ba.

Na buɗe akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari, na zare wanda aka rubuta RADIO a kansa, na ɗaga shi a haske ban ga ya yanke ba, duk da haka na sa sabo, kuma babu abin da ya canza. Hon, fanka, gilasai da fitilu duk suna aiki. Ina da ƙaramar mita da nake auna batir da ita, sai dai ban taɓa ciro rediyo daga mazauninsa ba. Shin ƙonewa ya yi, ko akwai abin da ya kamata in duba kafin in yanke masa hukunci?

Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin yanke masa hukunci, domin rediyon da ya mutu murus ya fi wanda ke kamawa yana ɗaukewa sauƙin bincike. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne cewa wayoyi uku ne ke raya irin wannan rediyo, kuma idan ɗaya ta gaza sauran biyun ba su da amfani. A rediyoyin da ake sayowa daban a ɗaura, rawayar waya ita ce ke kawo wutar batir dare da rana, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye, kuma a yawancinsu ta nan ne ainihin ƙarfin da ke kaɗa sifiku yake shiga. Jar waya ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, aikinta ta shaida wa rediyon cewa lokacin tashi ya yi. Baƙar kuwa ita ce nagatif, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota.

Tunda wayoyin wuta biyu ne, fis ɗinsu ma biyu ne, kuma ba lallai ne dukansu su ɗauki sunan rediyo ba. A motoci da yawa jar wayar tana raba fis da soket ɗin kunna sigari, sai ka ga an rubuta ACC ko CIG, rawayar kuma tana tare da fitilar rufin ciki da agogo, inda za ka iya ganin DOME, wani lokacin ma a akwatin da ke wajen injin. Akwai na uku da mutane suka fi mantawa da shi, wanda ke maƙale a bayan rediyon kansa kusa da inda filogi yake shiga, yawanci mai amfiya 10 ko 15. Launin fis yana faɗin girmansa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan ka zo canzawa ka mayar da irin wanda ka cire, domin fis ba don rediyo kaɗai aka sa shi ba, don wayar da ke bayan dashbod ne kada ta yi zafi ta kama da wuta.

Duba fis da ido yana yaudara. A bayan kowanne akwai ƙananan ƙarafa biyu da aka bari a buɗe domin awo. Ka sa mitarka a bolt 20 na wutar batir, ka ɗora baƙin tsinkenta a kan ƙarfen da babu fenti, ka murɗa makulli, sannan ka taɓa ƙarafan nan biyu da jan tsinke ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya zai nuna wuta a duka ɓangarorin, yankakke kuma a ɓangare ɗaya kawai. Idan duk sun tsira, ka ciro rediyon, ka zare filoginsa, ka auna rawaya da makulli a kashe, ka auna ja da makulli a kunne. Cikakken batir yana nuna wajen 12.6, kuma abin da za ka gani a wayoyin bai kamata ya yi nisa da hakan ba. Daga nan ka mayar da baƙin tsinken kan baƙar wayar filogin maimakon jikin mota, ka sake awon, domin ta haka za ka san ko nagatif ɗin yana nan.

Gargaɗi ɗaya kafin ka sa hannu. Launukan wayoyin da na lissafa na ɓangaren rediyo ne, ba na wayarin motar ba, wanda kowane kamfani ke yi da nasa tsarin. A cikin wayarin mota, filogi mai launin rawaya yawanci na jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari ne, kuma wannan ba a taɓa shi da mita ko da ƙwan gwaji. Ka tsaya a kan wayoyin da ka ga sun fito daga bayan rediyon.

Sabon Direba:

Na gode ƙwarai, Malam. Na bi abin da ka ce daki-daki. Duk fis ɗin da ke akwatunan biyu suna nuna wuta ta ɓangarori biyu, na bayan rediyon ma na zare shi na auna, bai yanke ba. Rawayar waya ta ba ni 12.4 da makulli a kashe, ja ta ba ni 12.3 da makulli a kunne, kuma da na koma kan baƙar waya lambobin ba su canza ba. Na cire fuskar rediyon na goge ƙarafan da ke bayanta, na kuma danna ɗan ramin da ake sake saita shi da tsinke. Har yanzu shiru. Tunda wuta tana isa ta ko'ina, ina ganin babu abin da ya rage sai in haƙura da shi in nemi wani.

Injiniya:

Ɗan'uwa, ka dakata tukuna. Duk abin da Malam Mai Wayarin ya faɗa daidai ne, amma awon da ka yi bai tabbatar da cewa wuta tana isa ba. Abin da ya tabbatar kawai shi ne cewa hanyar ba ta yanke gaba ɗaya ba, kuma tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tazara mai yawa.

Mita irin taka kusan ba ta jan komai daga wayar da take aunawa. Turjiyar cikinta, wato yadda take tauye wucewar wuta, tana kaiwa wajen om miliyan 10, saboda haka a kan bolt 12 abin da take sha bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin miliyan na amfiya ba. A ce akwai wani haɗi da ya ci tsatsa ko ya ƙone a kan hanya har turjiyarsa ta kai om 1000, mitar za ta nuna maka 12.4 cif, domin abin da zai ɓace a wurin bai fi kashi ɗaya da ɗoriya cikin dubu na bolt ba. Rediyon kuwa yana neman kusan amfiya guda ko fiye kafin ma a ƙara murya, kuma ta cikin om 1000 ko kashi biyu cikin ɗari na amfiya ba za su wuce ba. Kamar bututun ruwa ne da ya toshe ya bar ƙofa kamar ta allura: muddin famfo yana rufe, ma'auni zai nuna matsi cikakke, amma da ka buɗe sai ɗigo. Kai kuma ka yi awonka ne da filogi a zare, wato da famfo a rufe.

Maganin wannan shi ne a ɗora wa wayar nauyi. Ka samo ƙwan fitilar birki ko na sigina mai wat 21, wanda ke jan amfiya ɗaya da kashi uku cikin huɗu, ka haɗa masa gajerun wayoyi biyu. Ka sa shi tsakanin rawaya da baƙa, ka ga ko zai haska sosai, sannan tsakanin ja da baƙa da makulli a kunne. Yayin da yake haɗe ka bar mitar a kan wayoyin kana kallon lamba. Waya mai lafiya ba za ta sauka da fiye da rabin bolt ba. Idan ƙwan ya ƙi haskawa a duka biyun, ka mayar da ƙafarsa ɗaya kan ƙarfen mota, idan ya haska a nan to baƙar wayar ce ta lalace. Na sha ganin rediyon da baƙar wayarsa ta daɗe da mutuwa, yana rayuwa ta jikin wayar eriya ko ta ƙarfen da aka ɗaure shi a kai ba tare da mai motar ya sani ba, sai ranar da aka ciro shi ya ɗauke. Ƙwan nan a kan waɗannan wayoyi uku kaɗai za ka yi amfani da shi. Sababbin motoci suna da siraran wayoyin saƙo da ake kira CAN, waɗanda kwamfutocin motar ke magana ta cikinsu, har wasu ba su da jar wayar makulli sam, saƙo ne ke tayar da rediyon, kuma irin waɗannan wayoyi ba a ɗora musu nauyi.

Ina kuma da tambaya a gare ka, domin ban yarda cewa haɗuwar ranar aron wuta da mutuwar rediyon katari ne kawai ba. Lokacin da ake jona wayoyin, an ga tartsatsi mai ƙarfi? Ko akwai lokacin da aka ɗora su a juye, ko da na ƙiftawar ido ne, kafin a gyara?

Sabon Direba:

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Jar waya ta haska ƙwan tar, amma a kan rawaya ko kaɗan bai haska ba, mitar kuma ta faɗi daga 12.4 zuwa ƙasa da bolt ɗaya. Na bi wayar baya kamar taƙi biyu, sai na tarar da inda wanda ya ɗaura rediyon ya murɗe ta da wayar motar ya naɗe da salatif. Da na warware, salatif ɗin ya narke daga ciki, silin tagullar sun yi baƙi, wasu sun yi kore, kuma suna taɓa juna ne kawai ta cikin gawayin. Game da tambayarka, gaskiya ne, mutumin ya fara ɗora wayoyin a juye, aka ji ƙara da tartsatsi, ya yi maza ya cire ya gyara. Ban ambata ba ne saboda motar ta tashi, na ɗauka babu abin da ya faru.

Na cire kan batir na nagatif, na yanke wurin da ya ƙone, na fere wayoyin har sai da na ga tagulla mai sheƙi, na haɗa su da dalma na rufe. Yanzu ƙwan yana haskawa sosai a kan rawayar. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo: ina soka filogin a bayan rediyon, fis ɗinsa mai amfiya 10 ya yanke nan take. Na sa wani, shi ma ya bi sahu, alhali ko makulli ban murɗa ba. Wani ya ba ni shawarar in gwada mai 20. Me kuke gani?

Mai Dalma:

Malam, kada ka kuskura ka sa mai 20, kuma kada ka ƙara ƙona ko da mai 10 ɗin. Fis ɗin da ke yankewa kafin a kunna komai yana shaida maka cewa fozitif da nagatif sun haɗu a cikin rediyon, babban fis kuma ba zai raba su ba, sai dai ya ba wutar lokacin da za ta ƙona layin tagullar da ke kan bod, wato allon da kayan cikin rediyon suke kai. Ni aikina buɗe irin waɗannan na'urori ne, kuma labarinka ya yi daidai da abu ɗaya da na sani sarai.

A yawancin rediyoyin mota, dab da inda rawayar waya ke shiga, akwai wani dayod, ƙaramin abu mai barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai, da aka gitta tsakanin fozitif da nagatif a juye. Muddin batir yana haɗe daidai, dayod ɗin ba ya yin komai. Ranar da aka juya wayoyi sai ya buɗe hanya, ya kwashe wutar gaba ɗaya ta kansa domin fis ya yanke kafin ta isa sauran kayan. A motarka, ga alama murɗaɗɗen haɗin nan da ya riga ya ci tsatsa ya fi fis rauni, shi ne ya riga ƙonewa, dayod ɗin kuma ya sha zafin da ya narkar da cikinsa ya zama kamar guntun waya. Da ka gyara haɗin, sai ka mayar wa wannan guntun wayar da cikakkiyar wuta.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka ciro rediyon gaba ɗaya daga motar, ka sa masa fis mai kyau, ka mayar da mita wajen auna om, ka ɗora tsinkenta a kan rawaya da baƙar wayar rediyon. A mai lafiya lambar tana farawa ƙasa sannan ta yi ta hawa, saboda babbar kafasitar da ke ciki, wadda aikinta tara wuta ne, tana cika. Idan ta tsaya kusa da sifili, ka juya tsinken ta sake tsayawa a nan, to haɗuwar ta tabbata. Sai ka buɗe murfin, ka nemi dayod ɗin kusa da soket, tare da kafasitar da wata naɗaɗɗiyar waya, ka ɗaga ƙafarsa ɗaya da dalma, ka sake awon. Idan haɗuwar ta tafi, ka sami mai laifi. Idan tana nan, zargi ya koma kan aisin da ke ƙara murya, wato ɗan guntun na'ura mai ƙafafu da yawa, wanda za ka gani manne da ƙarfen sanyaya a bayan rediyon. Da yawa suna amfani da irin su TDA7388 ko TDA7850 masu ƙafa 25, kuma suna shan wutarsu kai tsaye daga rawayar ko da rediyon yana kashe. Cire wannan yana buƙatar hannun da ya saba, domin ƙafafunsa suna kurkusa kuma layukan bod suna saurin ɗagowa.

Kafin ka mayar da shi mota, ka gwada shi a kan tebur. Ka murɗe rawaya da ja wuri ɗaya, ka kai su fozitif na batir ta cikin wancan ƙwan mai wat 21, wato ƙwan ya shiga tsakani, baƙa kuma ta tafi nagatif. Idan ƙwan ya haska tar ya tsaya a haka, har yanzu akwai haɗuwa, kuma ƙwan ya hana komai ƙonewa. Idan ya ɗan walƙa ya dushe, kafasita ce ta cika, lafiya ke nan. Ka tabbata wayoyin sifika ba sa taɓa juna ko ƙarfe, domin a waɗannan aisi ko wadda ake kira nagatif ɗin sifika tana ɗauke da kusan rabin wutar batir, ba a haɗa ta da jikin mota.

Mai Wayarin:

Injiniya ya kama abin da ya wuce ni, ya kamata tun farko in ce a yi awon da nauyi a kai. Abin da zan ƙara ya shafi motar ce. Juya wayoyin batir yana iya taɓa dayod ɗin da ke cikin altaneta, na'urar da ke cajin batir, kuma motar za ta ci gaba da tashi na wasu kwanaki kafin a gane. Malam, ka tayar da injin ka auna kan batir, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka, sannan ka kunna fitilu da fanka ka ga ko lambar za ta riƙe. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya kamar injin yana kashe, ba a cajin batirin. Ka kuma warware sauran haɗe-haɗen da ke bayan rediyon, domin hannun da ya murɗe rawayar shi ne ya murɗe sauran.

Sabon Direba:

Ga yadda aka ƙare. Mita ta nuna kusan sifili ta ɓangarori biyu, na buɗe murfin, na sami dayod ɗin har ya tsage a gefe. Ina ɗaga ƙafarsa lambar ta fara hawa kamar yadda Malam Mai Dalma ya kwatanta. Na gwada a kan tebur ta cikin ƙwan, ya walƙa ya dushe, fuskar rediyon ta haska tana neman a saita agogo. Altaneta tana ba da 14.2 ko da fitilu a kunne, sauran haɗe-haɗen kuma na sake su duka da dalma, biyu daga cikinsu sun fara yin kore. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Tambayata ta ƙarshe: tunda yana aiki babu dayod ɗin, dole ne in sa wani?

Mai Dalma:

Dole ne, Malam, domin idan aka sake juya waya babu abin da zai tsaya tsakanin batir da aisin. Ka karanta lambar da ke jikin tsohon ka nemi irinsa, saboda wasu rediyoyin suna amfani da nau'in da ke danne wutar da ta yi tsalle sama, ba juyawa kaɗai ba. Idan na talakawa ne kuma lambar ta goge, mai amfiya 3 irin su 1N5402 zai yi, amma 1N4007 mai amfiya 1 ya yi ƙanƙanta. Ɓangaren da ke da zobe shi ne ke kallon fozitif, ɗayan kuma nagatif. Idan ka juya shi, ƙwan gwajin zai haska tar ya faɗa maka, saboda haka ka sake bi ta cikin ƙwan sau ɗaya kafin ka rufe murfin.